Abincin Rana: A Taho da Na Gida ko a Saya a Gidan Abinci?

Abokan aiki sun sha tambayata abin da ya fi dacewa da ma'aikaci a Kaduna, ya taho da abincin rana daga gida ko ya saya a gidan abinci.

Ta fuskar kuɗi, girkin gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin mudun shinkafar da aka auno a kasuwar Kawo yakan ciyar da iyali gaba ɗaya, alhali faranti guda a gidan abinci cikin mutum ɗaya kawai yake cikawa, kuma kowane yankan nama da kuɗinsa. Sai dai dole uwargida ta yi sammako, kuma waken da aka zuba a kula tun asuba yakan lalace kafin azahar a zafin watan Afrilu.

Gidan abinci kuwa yana ba ka tuwo da zafinsa, amma ba ka ganin man da aka yi suya da shi, ko yawan gishirin da aka zuba, wanda shi ne ya fi damuna.

Mai iyali da mai hawan jini, na gida ya fi musu. Gwauro da ɗan kasuwar da ke baro Rigasa da sassafe kuwa, gidan abinci mai tsafta zai wadatar da su.