Akwatin GM na okaziyo a kan Actros: yaushe ya cancanci kuɗinsa?

Duk wanda ya san tashar manyan motoci ta Ngaundere, inda jirgin ƙasa ke sauke kayan Duwala a ɗora wa tireloli zuwa Garwa, Marwa, Kusuri har Njamena, ya san motocin Marsandi Actros MP2 da MP3 sun yi yawa a wannan hanya. Ya kuma san hukuncin da ake yankewa a garaji da zarar sigina ya ƙi aiki, ko waifa ta tashi da kanta, ko fitilar kabin ta ƙi mutuwa har batir ya kwana ya sauka: "Maigida, akwati ya ƙone." Akwatin da ake nufi shi ne GM, wato babban akwatin lantarkin kabin, kuma mafi yawan abin da ake samu a shagunan kayan gyara na arewa okaziyo ne da aka cire daga motocin Turai. A kansa wannan sharhi yake.

GM yana zaune a ma'ajiyar lantarki ta wajen ƙafar yaron mota, tare da fiyus da rile. Shi ke raba wuta a kabin, shi ke karɓar umarnin maɓallai, kuma ta cikinsa sauran akwatuna ke magana da juna a layin CAN. Ba shi kaɗai ba ne: akwai FM a gaba mai kula da manyan fitilu, da HM a baya mai kula da fitilun baya, da na ƙofofi. Injin kuwa akwatunan MR da FR ne ke tafiyar da shi. Saboda haka motar da fitilar bayanta kaɗai ta mutu, a fara duba HM da wayoyin shasi kafin a taɓa GM. A MAN TGA akwatin da ke irin wannan aiki ZBR ake kiransa, a ƙananan motoci irin Ranger kuwa BCM.

Hukuncinmu a taƙaice: okaziyo na asali kaya ne mai kyau, yana iya shekaru yana aiki, kuma kuɗinsa bai kai na sabo ba ko kusa. Matsalarsa ita ce ana yawan saye shi don cutar da ba tasa ba, sannan a sa shi ba tare da an saita shi ba.

A fara da batir. Motar volt 24 batir biyu ne na volt 12 a jere. In sun cika kuma motar ta huta, mita za ta nuna kusan 25.2 zuwa 25.4, in injin yana aiki, altanato ya kamata ya ba da kusan 28. Kada a tsaya a jimla, a auna kowanne shi kaɗai. Al'adar nan ta jawo waya daga batir ɗaya don rediyo, cajin waya ko ƙaramin firij tana cinye ɗaya ta bar ɗaya, sai wanda aka bari ya riƙa cin caji fiye da kima, wanda ake ja kuma bai taɓa cika ba. Lokacin tayar da injin wuta kan faɗi ƙasa sosai, akwatuna su rikice, tablo, wato allon gaban direba, ya cika da saƙonni. Maganin wannan na'urar rage wuta ce daga 24 zuwa 12, da sauya batir biyun tare. Zafin Maris da Afrilu a Garwa, da ke haura digiri 40, yana ƙara gajarta ran batir, don haka a duba ruwansa in irin mai buɗewa ne.

Sai mas, wato wayar da ke mayar da wuta zuwa batir ta jikin shasi. A nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri tana girgiza kowane noti, ƙurar hunturu ta shiga, damina ta jiƙa ta, sai wurin da waya ke haɗuwa da shasi ya yi koren tsatsa. Auna mas da om, wato ma'aunin turjiyar waya, mota a kashe yaudara ce, domin silin waya guda ɗaya da ya rage zai nuna kamar lafiya lau. Yadda ake yi shi ne a kunna fitilu da waifa da fankar kabin, a sa baƙin ƙafar mita a kan negatif (−) na batir, jan kuma a kan mas ɗin akwatin. In ta nuna sama da 0.2 na volt, a kwance wurin, a goge har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure, a shafa man da ke hana tsatsa. Alamar da ba ta ƙarya: a taka birki sigina ya yi haske kaɗan, ko fitilu biyu da ba ruwansu da juna su riƙa ƙiftawa tare. Wutar da ta rasa hanyar komawa ce take bi ta wani ƙwan.

Bayan haka a cire wayoyin tirela duka, a sake gwadawa. Igiyoyin nan masu ƙafa 7, da mai ƙafa 15 a sababbin tireloli, suna gogar ƙarfe a bayan kabin har su huje. Tirela ɗaya kan bi kawunan mota uku a wata guda, kowa ya ɗaura abinsa da salatif. In matsalar ta ɓace da aka cire su, GM ba shi da laifi. Haka fitilun ado da ƙarin ham da direbobi ke so: ƙwan sigina na watt 21 bai cin amfiya ɗaya a volt 24, to layin da aka yi wa wannan lissafi in aka rataya masa fitilu goma, akwatin zai yanke wutar don kare kansa, ko abin da ke ciki ya ƙone. Kayan ado su sami rile da fiyus nasu daga batir. Ƙwayayen LED kuma sukan sa tablo ya ce fitila ta mutu alhali tana ci, don ba sa jan wutar da akwatin ke tsammani.

Layin CAN mai sauri, in an cire batir, kusan om 60 ake samu tsakanin wayoyinsa biyu. Kusa da sifiri na nufin sun haɗe. Adadi mai yawa na nufin layin ya yanke ko abin rufe shi ya fita. A Hilux da Ranger ana aunawa a ƙafa ta 6 da ta 14 na soket ɗin bincike, a Actros kuwa sai an bi zanen wayoyin motar. Fitilar gwaji mai ƙwai ba ta da wuri a wannan layi.

In batir, mas, tirela da CAN duk sun fita lafiya, wuta tana shiga akwatin, kwamfutar bincike da ake kira valiz tana ganin an danna maɓalli amma wuta ba ta fita, ko akwatin ya ƙi amsawa gaba ɗaya, to yanzu an kama shi. Sau da yawa ana ganin dalili da ido: sawun ruwa daga robar gilashin gaba ko daga wankin kabin da tiyo, ƙafafun soket sun yi kore, ko warin ƙuna bayan an yi walda a shasi ba a cire batir ba, ko an juya wayoyin taimakon tayar da mota. Fiyus da aka maye gurbinsa da silin waya ma ya kashe akwatuna da yawa.

Wajen saye, lambar da ke kan takardar jikin akwatin ita ce komai: harafin A da lambobi goma, da 446 a tsakiya. A je da tsohon a hannu, a gwada lamba da lamba. In ta bambanta, sai mai valiz ko kundin kayan gyara ya tabbatar cewa sabuwar lambar ta gaji tsohuwar. Kamannin soket ba hujja ba ne. A haska ƙafafun da tocila, a duba ko an taɓa buɗe murfin, a shinshina. Akwatin da aka wanke ya yi ƙyalli fiye da shekarunsa abin zargi ne. Babban raunin wannan kasuwa shi ne yawancin masu shago ba su da inda za su gwada, kuma da wuya su karɓi kayan lantarki in ya fita. A yi sharaɗi tun kafin a biya, gaban shaida: in valiz ta ƙi ganinsa, za a dawo da shi.

Sawa ba ta da wuya, amma tana da tsari. Tun tsohon yana jiki, in yana amsawa, a kwafe saitinsa da Xentry ko DAS, wato manhajojin binciken Marsandi. A kashe makulli, a jira kamar minti biyar, musamman a motocin da ke da AdBlue, ruwan rage gubar hayaƙi, don su gama hure bututunsu. A cire wayar negatif ta batir tukuna. A ɗauki hoton soket da fiyus da rile da waya, domin na okaziyo yakan zo da fiyus na motar da ya baro, wasu gurabun ma babu komai. A buɗe makullin kowane soket kafin a ja, a riƙe jikinsa, ba wayoyin ba. Robar tsohuwar mota da ta sha rana tana karyewa kamar ƙwai. A gyara abin da ya kashe na farko kafin a haɗa na biyu, a mayar da wayar negatif ta batir a ƙarshe.

Saura saiti, wanda shi ne ake yawan tsallakewa don mai valiz yana karɓar nasa kuɗin. Akwatin yana ɗauke da bayanan motarsa ta da: kan tirela ce ko tifa, irin fitilunta, kayan da aka haɗa mata a masana'anta. In aka bar shi haka, motar za ta tashi, amma wani abu zai ƙi aiki ko tablo ya riƙa ƙorafin kayan da motar ba ta da su, sai a ce okaziyon ne maras kyau. A zuba masa saitin da aka kwafa, ko a shigar bisa lambar shasi, a share tsofaffin lambobin matsala, a gwada kowace fitila da tirela a haɗe. Ga masu Ranger akwai ƙarin abu: tsaron makulli yana cikin BCM, don haka a zo da makullai biyu, in ba haka ba motar ba za ta tashi daga garajin ba.

Gyaran tsohon akwati yana da amfani in rile ɗaya ne ya maƙale ko dalma ta tsage saboda girgiza. Wanda ruwa ya kwana a ciki, tsatsar tana ci gaba da cin layukan bayan an rufe, yakan dawo da cutar a tsakiyar damina. Motar da ke hawa da sauka a tsaunin Mbe da dare, da kaya cike, okaziyo mai lamba daidai da aka saita ya fi mata. Tsohon kuma kada a yar. Soket ɗinsa da rilensa za su yi amfani wata rana.