Takalmin gudu na lokacin sanyi: wanda ya kamata ka saya a Bauchi, da yadda 'yan jabu ke cutar mutane

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da mai gudu a Bauchi ke samun sararin tara kilomita, don da zarar zafin Maris da Afrilu ya shigo ko ƙarfe bakwai na safe ba ka iya dogon gudu. Shi ya sa duk wanda ke da niyyar zuwa gasar gudun fanfalaki ta Legas, wadda aka fara a 2016 kuma ake yin ta a watan Fabrairu, ko ta Okpekpe a jihar Edo mai kilomita 10 da ake yi wajen watan Mayu, to yanzu ne lokacin tirenin ɗinsa. Kuma tambayar da sababbin shiga suka fi yi idan an gama zagaye a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ana miƙe ƙafa ita ce, malam wane takalmi zan saya? Ni dai ina da wanda nake so kuma ba zan ɓoye ba, Asics Gel-Cumulus na gwanjo mai lafiya, wanda ka duba da hannunka da rana tsaka.

Bari in fara kawar da waɗanda ba sa buƙatar dogon bayani. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi a ƙasa, ba na kwalta ba ne, kwaurinka zai gaya maka cikin mako guda. Kambas ɗin gayu mai faffaɗan ƙasa da ake sawa da wandon jins, na zuwa biki ne. Masu manyan haƙora a ƙasa na hawan dutse ne, idan gudunka a hanyar gona yake ko bayan gari wajen Gubi to babu laifi, amma a kan titi nauyi kawai za ka ɗauka. Sai masu cewa ai Abebe Bikila na Habasha babu takalmi a ƙafarsa ya ci gasar Olamfik a Rum a 1960, gaskiya ne, amma su ƙarasa labarin, a Tokyo a 1964 da takalmi ya yi gudun kuma ya fi na farkon sauri. Sannan shi bai taka kwalaben da ke gefen titin Jos ba.

Akwai wani nau'i da ke yawan fitowa a dila wanda nake so a kula da shi, wato masu rubutun GTX ko Gore-Tex a jiki. An yi su ne don sanyin Turai mai ruwa da ƙanƙara, ruwa ba ya shiga, to kuma iska ma ba ta shiga sosai. Mai sayarwa zai ce maka Alhaji ga na sanyi nan daidai da lokaci. Sanyinmu busasshe ne, minti goma da fara gudu ƙafa ta ɗumama, kuma ka tuna inda za ka je ka yi gasar, Legas ce, ga zafi ga gumi tun da sassafe, a cikin irin wannan takalmin ƙafarka jiƙewa za ta yi sharkaf, bororo kuma daga jiƙaƙƙiyar ƙafa yake farawa. Nemi mai raga-raga a sama ko da ƙurar hunturu za ta riƙa shiga, ƙura dai a kakkaɓe ta.

Sai masu farantin kabon a ciki irin su Vaporfly da Alphafly na Nike, waɗanda samari suka haukace a kansu tun da Eliud Kipchoge ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a Biyana a Oktoban 2019. Takalma ne na gaske, har sai da hukumar wasannin tsalle-tsalle da guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin gasar titi kada ya wuce milimita 40. Amma na ranar gasa ne, soson ƙasansu na saurin mutuwa, sabonsu daga dala 250 yake farawa, kuma mai yin kilomita ɗaya a minti bakwai ba shi aka yi wa su ba. Ka wuce kawai.

Yanzu ga nawa. Cumulus takalmin kullum ne na kamfanin Asics na Japan, duk shekara suna fitar da sabuwar lamba, ni abin da nake ce wa mutane su nema shi ne daga lamba 22 zuwa 25, wato waɗanda aka yi daga 2020 zuwa 2023, don ƙasa da haka sun tsufa ko da ba a sa su ba. Dalilina na farko robar ƙasansa ce, wata baƙar roba mai tauri da suke sawa musamman a dunduniya, kuma duk wanda ya san titunanmu ya san ba kan kwalta kake gudu kullum ba, rabin lokaci keke Napep da 'yan acaɓa sun tura ka gefe kana taka tsakuwa da yashi, to takalmin da sosonsa ke taɓa ƙasa kai tsaye ba ya kai ƙarshen sanyi. Na biyu, gabansa na da fili, mu da muka tashi da silifas da takalmin fata yatsunmu a baje suke, takalmi mai tsukakken baki shi ke baƙanta farce har ya fita. Na uku bayansa na riƙe dunduniya da kyau ba tare da ya goge agara ba, wannan kuwa babban abu ne a hunturu da faso ke tsattsage dunduniyar mutane, ƙaramar guga sai ta zama ciwo. Sannan ba shi da laushin da zai sa idon sawu ya riƙa karkacewa, ba shi da taurin da zai buga maka gwiwa, yana tsakiya, ka yi gudun safe a hankali da shi, ka yi dogon gudun Asabar daga Wunti har ka wuce Yelwa ka dawo, ka kuma shiga gasa da shi, duk takalmi ɗaya. Ga mai albashi ko ɗalibi wannan ai shi ne magana. Wani abin da ya ƙara min sonsa, 'yan gayu ba su damu da shi ba, saboda haka a gwanjo kuɗinsa bai kai na masu suna ba, kuma masu buga jabu sun fi zuba ƙarfinsu kan waɗanda ake rububi.

Pegasus na Nike, wanda ake yi tun 1983, takalmi ne mai kyau amma ya ɗan matse a gaba kuma jabunsa ya cika kasuwa. Brooks Ghost idan ka samu mai lafiya ka ɗauka, samunsa ne aiki. Hoka ya yi min tudu da yawa. Sabo dal na asali kuwa, idan kana da ɗan uwa a waje ko kana da hali, babu abin da ya kai shi, irin waɗannan na kullum suna kaiwa dala 130 zuwa 150, ka buga da canjin yau ka gani.

Kuma wannan lissafin shi ne makaminka na farko a kan macuta, don a nan ne nake so mu daɗe. Duk wanda ya miƙo maka takalmi sabo a kwali, da takarda a ciki da alamar kamfani, a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na farashinsa a ƙasar da aka yi shi ba, wallahi jabu ne, ko ya rantse da me. Ni an taɓa sayar min da irinsa a wani shago, mai shagon yana ta cewa yallaɓai orijina ne daga kamfani, a tsakiyar dogon gudu ƙasan ya ɓalle daga gaba, na dawo gida da bororo a tafin ƙafa da ciwon kwauri da ya hana ni fita har sanyin ya kusa wucewa, da na mayar masa ya ce kayan da aka sa ba a karɓa. Ba kuɗin ne ya fi ƙona min rai ba, tirenin ɗin da ya lalace ne. Jabu a ido ba shi da laifi, matsalar tana cikin soson tsakiya, wanda shi ne gaba ɗaya abin da kake biya. Kamar babur ne da aka yi wa sabon fenti amma shokazobansa ta mutu, kowane rami a bayanka zai sauka.

Gwanjon ma ba tsira ba ne, dole in faɗi gaskiya duk da shi nake tallatawa. Yanzu akwai masu ɗaukar jabun su ɗan goga masa ƙasa su cusa cikin kayan dila don ka ɗauka na Turai ne. Akwai masu shafa farin fenti a gefen soso don ɓoye tattarewar da ke nuna ya gama aiki. Akwai waɗanda shumeka ya manne musu ƙasa da gam aka wanke tas. Akwai kuma haɗin gambiza, ƙafar dama daga wani takalmi ta hagu daga wani, kala ɗaya amma ɗaya ya fi ɗaya cinyewa ko ma lambar ba ɗaya ba. Saboda haka kada ka saya da daddare a ƙarƙashin ƙwan lantarki ko fitilar waya, ka je da rana, ko Wunti ne ko Muda Lawal ko ka hau mota zuwa Katako a Jos, in da hali ka san ranar da mutuminka ke buɗe dila don zaɓen farko shi ne kaya.

Idan ka ɗauka, fara da ɗaga harshen takalmin ka karanta 'yar takardar da ke manne a ciki. Akwai lambar samfuri a wurin, ka tabbatar iri ɗaya ce a ƙafa biyun, sannan ka rubuta ta a Google a nan gaban mai kayan, dole hoton da zai fito ya zama wannan takalmin da wannan kalar, idan wani abu daban ya fito ajiye masa kayansa. Zaro shimfiɗar ciki ka duba ɗinkin da ke ƙarƙashinta, na asali a jere yake tsaf, na jabu za ka ga gam ya yi dama-dama, wani ma shimfiɗar a manne take don kada ka gani. Shinshina shi, warin gam mai hawa kai alama ce. Danna soson da babban yatsa daga ciki da waje, mai rai zai nutse ya dawo, matacce ko dai ya yi tauri ko ya nutse ya zauna. Kama gaba da baya ka murɗa, bai kamata ya murɗu cikin sauƙi ba, kuma idan ka lanƙwasa shi a wajen yatsu ya kamata ya lanƙwashe, ba a tsakiya ba. Matsa bayan dunduniyar, idan ya lotsa babu ƙarfi an gama da shi. Daga nan ɗora ƙafa biyun a kan benci ka tsuguna ka kalle su ta baya, wanda ya karkata gefe ɗaya ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, zai kuma koya wa gwiwarka ita. Abin da masana suka saba faɗa shi ne takalmin gudu na yin kilomita 500 zuwa 800 kafin soson ya gaji, to kai da kake sayen wanda wani ya fara ci, zanen robar ƙasa ne kawai zai gaya maka nawa ya rage, idan ya shafe a dunduniya har farin soso ya leƙo kada ka karɓa ko kyauta ne.

Masu sayarwa a Facebook da WhatsApp kuma, waɗanda ke sa hoton da suka ɗauko daga shafin kamfani su ce turo kuɗi a sa maka a mota ka karɓa a tasha, ka ce su ɗauko maka bidiyon takalmin da ke hannunsu, da takardar cikin harshe da ƙasansa. Mai gaskiya minti biyu ya turo. Wanda ya fara cewa oga ba ka yarda da ni ba ne, ka bar shi.

Maganar lamba, ka ƙara rabi ko ɗaya a kan wadda kake sawa, ya zama akwai faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsanka da bakin takalmin, don ƙafa na kumbura a dogon gudu. Ka gwada da yamma, da safar da za ka riƙa gudu da ita, kuma kada safar ta zama ta auduga zalla don tana riƙe gumi. 'Yan uwa mata masu zagaye a filin wasa, ku lura lambar Amurka ta mata daban take da ta maza, ku bi lambar Turai ko santimita da ke jikin takardar. Kafin ka kwanta ka shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya, ka kuma ɗan shafa tsakanin yatsu ranar dogon gudu. Idan ƙura ta yi masa yawa ka wanke da hannu da ruwan sanyi ka shanya a inuwa, banda rana banda gefen murhu, zafi na sakin gam.

Wanda zai je Legas ya sayi takalminsa tun Disamba, ya yi dogon gudu da shi sau da yawa kafin tafiya. A hanyar da gasar ta riƙa bi a shekarun baya, gadar Third Mainland kusan kilomita 12 ce babu inuwa babu shumeka, kuma bayan an sauka akwai sauran tafiya mai yawa kafin Eko Atlantic inda ake ƙarewa.