Na'urar kwafe kaset zuwa kwamfuta: ta isa a ba ta amanar muryar kaka?

A gidaje da yawa, sai an yi sadakar arba'in an zo buɗe kayan ɗakin tsohuwa ake tarar da kaset biyu ko uku a ƙasan adaka. Wani saƙon murya ne da ta aiko daga Makka zamanin da babu wayar hannu, wani na bikin 'yarta ta fari ne, wani kuma jika ne ya ajiye mata rikoda tana lissafa dangi tun daga kakanninta. Rikodar kuwa ta daɗe da mutuwa. Shi ya sa ake neman 'yar na'urar nan ta roba mai kama da Walkman, ƙaramar rikodar aljihu ta da, wadda ke juya kaset ya koma fayil.

Iri biyu ce, ko da yake sunayen da ake liƙa mata suna da yawa. Akwai wadda ake jona wa kwamfuta da kebul na USB, akwai wadda ake soka wa filashi ta ɗauka da kanta a tsarin MP3. Duka suna aiki da batir AA guda biyu ko wutar USB. A zaɓi ta farkon. Mai filashin ta fi sauƙi, amma tana matse sautin tun daga farko, kuma wasu daga cikinsu da sun ji shiru sai su yanke fayil su buɗe sabo. Tsohuwa kuwa takan yi shiru tana tuno suna, sai labari ɗaya ya tashi gutsi-gutsi.

Ga magana zalla, na'urar ta wadatar. Ga kiɗa da waƙa, ba ta kai ba. Ƙa'idar gudun zaren kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa, amma motarta ƙarama ce, bel ɗinta siriri, don haka gudun yakan ɗan yi rawa. A hira ba a cika lura ba, amma a waƙar daka ko guɗa za a ji muryar tana karkarwa. Idan gudun ya zarce, muryar takan sirance. Idan batir ya yi sanyi, sai ta yi kauri. A sa 'yar tsohuwar ta saurari minti ɗaya, ita ce za ta ce muryar Inna ce ko ba ita ba ce.

Babban haɗarin shi ne cin zare, kuma yawanci daga kaset ɗin yake farawa. Wanda ya shekara talatin yana shan zafin bazara da laimar damina, zarensa kan manne. Kafin a saka shi, a zura biro a ramin a juya a hankali har ƙarshe, a dawo da shi. In ya cije, kada a tilasta. A leƙa ta tagar tsakiya: in an ga fari-fari kamar gari, fumfuna ce, wannan sai mai gyaran rediyo ya duba. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiyar bakin kaset, domin gam ɗinsa kan bushe ya faɗi, kuma in babu shi sauti dishi-dishi zai fito. Idan gidan kaset ɗin ya lanƙwashe, a kwance sukurorinsa biyar a mayar da zaren cikin wani gida mai lafiya. Zaren da ya tsinke ba a haɗa shi da salatif, gam ɗin yana narkewa ya ɓata na kusa da shi; akwai tef na musamman don haka. Kaset mai lamba C120, wato mai minti 120, ya fi C60 da C90 siririn zare, kuma shi wannan na'ura ta fi ci. A fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba, sannan a goge kan da ke karanta sautin da 'yar robar da ke jan zare da auduga da sipirit bayan kowane kaset.

Faifan CD da ke zuwa cikin kwalin ba shi da wani amfani. A sauke Audacity, manhajar ɗauka da gyaran sauti a kwamfuta, kyauta ce. A zaɓi na'urar a matsayin makirufo, a daidaita ƙarar ta tsaya wajen -6 a ma'aunin ƙarar manhajar, kada ta kai inda yake yin launin ja, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. In ana jin gunji a ƙasa, a cire cajar kwamfutar a yi aiki da batirinta. A kashe maɓallin da ke juya gefe da kansa, a juya kaset da hannu. Aikin ba ya gaggautuwa: C90 minti 45 ne kowane gefe, kuma sai an zauna an ji shi duka, yatsa na kusa da maɓallin tsayarwa.

A ajiye asalin a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, wajen megabait 10 ke nan kowane minti, sannan a fitar da MP3 don rukunin WhatsApp na dangi. Kayan rage shuuu da ke cikin Audacity a yi amfani da shi kaɗan, kuma a kan kwafi kawai. In aka cika, muryar kan koma kamar daga cikin randa. Sunan fayil ya ɗauki sunan tsohuwar, garin da shekarar. Tun da sauran ƙannenta ko kishiyarta a raye, a kunna musu su faɗi su wane ne ke magana a bayanta, a rubuta. Kwafi uku, a gida biyu daban, kuma kada a yar da kaset ɗin.

Mai kaset biyar ko goma masu lafiya, na hira zalla, ya saya, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Wanda kuwa kaset ɗaya tak ya rage masa na mahaifiyarsa, ko zaren ya riga ya yamutse, gara ya nemi tsohuwar babbar rikoda ta Sony ko Panasonic, a canza mata bel, a jona ta da kwamfuta ta ramin iyafis. Motarta ta fi ƙarfi, kuma ta fi tausaya wa zare.