Jinyar mai sikila a wani asibitin kuɗi a Kano: aikin nas-nas tsakanin allura da allura

Duk mai rainon ɗa mai sikila ya san magungunan kusan ɗaya ne ko'ina ka je: ƙarin ruwa, allurar rage raɗaɗi, maganin zazzaɓin cizon sauro idan gwaji ya nuna akwai shi. Inda asibiti ke bambanta da ɗan'uwansa shi ne awannin da ke tsakanin allura da allura, lokacin da ta farko ta fara sakin jiki, lokacin ta biyu kuma bai yi ba. A nan ne yaro ke murƙususu, uwa na kallon agogo. Da waɗannan awanni zan auna ɗakin kwanciyar mata na wani asibitin kuɗi a cikin Kano, inda aka kwantar da 'yata mai shekara 14 a hunturun da ya wuce. Ban kama sunan asibitin ba domin akwai ƙorafi a maganata. Abin da nake so shi ne iyaye irina su san abin da za su nema a duk inda aka ba su gado.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne sun gaskata ta. Nas ta durƙusa daidai fuskarta ta ce, "'Yata, daga sifili zuwa 10, nawa za ki ba ciwon nan?" Yarinya ta ce 9, aka rubuta 9, ba wanda ya taɓe baki. Wanda bai taɓa kai mai sikila asibiti ba zai ga wannan ba komai ba ne. Mu kuwa mun sha ganin yadda ake yi wa yaranmu kallon masu raki, manyan cikinsu kuma a ce allurar penta mai rage raɗaɗi ce ta kama su shi ya sa suke zarya. Yaron da ya ga ba a yarda da shi ba, tsoro ke ƙaruwa a kan ciwon, jiki ya ɗaure, raɗaɗin ya ninka. A Ingila, ƙa'idar da hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta fitar a 2012 ta ce a ba mai sikila maganin ciwo cikin minti 30 da isowarsa asibiti. A nan ba su yi nisa da haka ba, kuma bayan allurar sun dawo sun sake tambayar lambar don su ga ko ta sauka.

Gashin ruwan ɗumi shi ne inda na ga gwaninta. Babbar nas mai aikin safe, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta tambayi inda ciwon ya fi tsanani. Ƙugu ne da cinyar hagu. Ta ɗauko jakar roba ta ruwan zafi, ta tsiyayo ruwa daga filas ta sirka shi da na sanyi, ta zuba kamar kashi biyu cikin uku na jakar. Ta kwantar da ita a kan tebur ta danna a hankali har iskar ciki ta fita, ruwa ya leƙo baki, sannan ta murɗe murfin tam, ta kifa ta ta girgiza ta ga babu ɗigo. Ta naɗe ta da tawul, ta kara a damtsenta ta ji ɗumin, sai ta zura wa yarinyar a ƙugu. "Minti 20 za ta yi. In kin ji ya wuce ɗumi ki faɗa min, kar ki daure." Kafin lokacin ya cika ta dawo ta ɗaga riga ta duba fatar wurin. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Hajiya, wanda aka yi wa allura mai ƙarfi barci ke ɗaukarsa, ya ƙone bai sani ba."

Da yamma wata 'yar'uwarmu da ta zo dubiya ta kawo shawarar a ɗora ƙanƙara, kamar yadda ake yi wa targaɗe. Nas ɗin ta hana, ba tare da ta kunyata ta ba. Ta ce jinin mai sikila ƙwayoyinsa kan lanƙwashe su yi tauri, sai su cushe a ƙananan jijiyoyi kamar cunkoson adaidaita sahu a bakin Kantin Kwari, jini ya kasa wucewa, wurin ya hau ciwo. Sanyi ƙara tsuke hanyar yake yi, ɗumi kuma yana buɗe ta. Shi ya sa lokacin hunturu gadaje ke cika da masu wannan lalura. Tun daga ranar yarinyar da kanta take neman safa da bargo ba sai na yi mata faɗa ba.

Tausa ma sun yi, amma ba ta murje tsoka ba. Man kaɗe nas ta ɗumama a tafin hannu, ta riƙa shafa kewayen wurin, ba tsakiyar inda ke zugi ba, kuma da yarinyar ta ce a bari sai ta bari. Ta sa filo a ƙarƙashin gwiwoyinta, wani kuma tsakanin cinyoyi idan ta juya gefe.

Wanda na fi so iyaye su riƙe shi ne motsa huhu. Idan ciwon yana baya ko haƙarƙari, yaro kan riƙa numfashi sama-sama don gudun zafi, allurar mai ƙarfi kuma tana ƙara rage numfashin. Daga nan ƙasan huhu ke dunƙulewa, ciwon ya hau ƙirji da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi, kuma wannan yana cikin manyan abubuwan da ke ajalin masu sikila. Sun sa mun sayi wata 'yar na'urar roba mai ƙwallaye uku da tiyo. Za ta zauna ta miƙe, ta kama tiyon da leɓe, ta zuƙi iska a hankali har ƙwallayen su tashi, ta riƙe na ɗan lokaci, ta saki. Sau 10 duk bayan awa 2, muddin idonta biyu. Wannan tsarin ba shaci-faɗi ba ne, shi aka gwada a wani bincike a Amurka a 1995, aka ga ya rage matsalar huhu sosai ga masu sikilar da aka kwantar da ciwon ƙirji ko baya. Da farko ƙwallo ɗaya take ɗagawa da ƙyar tana hawaye, nas na tsaye a kanta tana cewa, "Yauwa 'yata, ƙara ɗaya, saura kaɗan." Wata ƙaramar yarinya a gadon gefe da ba za ta iya da na'urar ba, kumfar sabulu aka ba ta tana hurawa.

Ruwan sha kuwa, sun ja layi-layi da biro a jikin gora, kowane layi da awarsa, domin ƙodar mai sikila ba ta riƙe ruwa kamar ta sauran mutane, ga bushewar hunturu. Mai ɗumi suke so ta sha, ko kunu, ko shayi marar kauri. Da allurar ta ɗaure mata ciki, sai suka ce a kawo gwanda da kankana, suka riƙa tayar da ita tana takawa zuwa bakin ƙofa tana dawowa.

Wata matashiyar nas ta lura yarinyar na motsa baki idan ciwon ya murɗo, ta gano hadda take bita. Sai ta ce in sa mata ƙira'a a waya da abin kunne, ta bi ayoyin da take kai a Islamiyya. Ciwon bai tafi ba, amma na ga kafaɗunta sun sauka, yatsun da ta damƙe zanin gado da su sun saki.

Kada a fahimce ni a karkace. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke maye gurbin allura. Asibitin da zai ba mai sikila ruwan ɗumi ya hana shi maganin ciwo ya zalunce shi. Su a nan haɗawa suka yi, abin da ya sa nake yaba musu ke nan.

To amma duk wannan yabon na rana ne. Da dare nas ɗaya ce ke riƙe da ɗakin gaba ɗaya, kuma ba na ganin laifinta, mutum ɗaya ba zai rabu gida goma ba. Canza ƙarin ruwa da allura kaɗai sun ishe ta. Jakar ɗumi ta huce ba mai sabuntawa, na'urar numfashi ba mai tunatarwa, sai abin da uwa ta koya da rana. Idan aka ɗauke wuta, butar dafa ruwa ba ta cikin layin janareta, sai wanda ya zo da filas ɗinsa. Akwai taga mai fasasshen gilashi da iskar asuba ke kwararowa ta ciki daidai kan gadajen masu sikila, muka toshe da kwali da zani. An kuma haɗa su ɗaki ɗaya da masu wasu cututtukan da ke son fanka, kullum sai an yi 'yar jayayya. Fitilar sama ba a kashe ta har gari ya waye, wayoyin masu jinya na ta ƙara, alhali barci rabin sauƙi ne ga wanda ya wuni cikin raɗaɗi. A kuɗin da suke karɓa na gado, gilashi ɗaya da ƙaramar fitilar dare ba su kai abin da za a roƙa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwarewar tana hannun mutum biyu ko uku ne, ba ta zama ƙa'idar ɗakin ba. Ranar da dattijuwar ta yi hutu, wadda ta karɓe ta ta rataya ruwa ta yi allura a kan lokaci, ta tafi. Ba ta yi kuskure ba, amma ba wanda ya tambayi lambar ciwo a ranar.

Takardar sallama ma da Turanci take, daga sama har ƙasa. A ciki ne aka rubuta alamun da ba a jira da su: zazzaɓi, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, raunin ɓari ɗaya na jiki, ciki ya kumbura farat ɗaya, ko yaro ya yi fari fat. Uwar ƙaramar yarinyar nan ta gefenmu, wadda ta zo daga ƙauye, ni ta miƙo wa tata na karanta mata. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tun 2006 cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, shafi ɗaya da Hausa da 'yan hotuna bai yi wa asibiti a Kano yawa ba. Na faɗa wa shugabar nas-nas haka kafin mu fito, ta ce za ta kai maganar gaba.

In ciwon ya sake kama 'yata, Allah ya kiyaye, nan zan koma da ita. Sai dai zan tafi da filas biyu, jakar ruwan ɗumi tamu, bargo mai kauri da na'urar numfashin da muka riga muka saya, kuma kafin in biya kuɗin gado zan nemi wanda yake nesa da taga, in tambayi nas nawa ce ke kwana.