Oba-oba da eriyar hannu, ko parabol? Amsa ga mai tambaya daga Garwa

Malam, ka ce kana Garwa, kana so ka fara magana ta taurarin ɗan'adam na masu sha'awar rediyo, amma ka rasa zangon da za ka kama da kayan da za ka saya. Hanya biyu ce, kuma wurin da muke zaune shi zai raba gardamar, ba nauyin aljihu kaɗai ba.

Ta farko ita ce ta taurarin da ke zagayawa ƙasa-ƙasa, masu aiki a zangon mita 2, wato 145.8 zuwa 146 MHz, da na santimita 70, wato 435 zuwa 438 MHz. SO-50 na Saudiyya, wanda aka harba a 2002, ana aika masa a 145.850 tare da sautin 67 Hz, ya mayar a 436.795. Tashar sararin samaniya ta ISS ma tana mayar da murya: hawa a 145.990, sauka a 437.800. Duka FM ne, don haka oba-oba mai zango biyu irin Baofeng UV-5R ta isa, sai eriyar Yagi ta hannu, wadda ake nuna tauraro da ita, da za ka iya haɗawa da sandunan alminiyom. In da hali oba-oba biyu sun fi, don ka riƙa jin muryarka tana dawowa. Manhajar Look4Sat za ta gaya maka lokacin wucewa. Minti goma ne zuwa sha biyar, kana bin tauraro da hannu kana murɗa mita, wato lambar MHz da kake kai, domin gudunsa yana zamar da ita kusan 10 kHz sama ko ƙasa a santimita 70.

Da araha, da daɗin koyo. Amma tauraro ba ya haɗa kowa sai waɗanda yake hangowa a lokaci guda. ISS tana nisan kilomita 400 ne kacal. In tana saman kogin Binuwai, Chadi da Nijar da Najeriya da Afirka ta Tsakiya take gani, ƙasashen da masu wannan sha'awa ba su da yawa. Sai ka yi ta sallama ba mai amsawa. Tauraron RS-44 ya fi ta nisa a sama, ya haura kilomita 1,000, yana iya haɗa ka da Turai, sai dai SSB yake so, wani salon aika murya da oba-oba ba ta yi, ga rediyo mai tsada irin Icom IC-9700.

Ta biyu ita ce QO-100, kuma ni can na karkata. Sashen masu sha'awar rediyo ne a jikin tauraron Es'hail-2 na Ƙatar, wanda aka harba a Nuwamba 2018, aka buɗe shi ga jama'a a Fabrairu 2019. Nisansa kusan kilomita 36,000, a tsaye yake wuri guda kusa da digiri 26 gabas, daidai inda masu kallon tashoshin Badr na Arabsat suke saita parabol. Daga Garwa yana kudu maso gabas, wajen digiri 70 a sama, ba katanga ko darbejiya da za ta tare maka shi. Yana hango daga gabashin Burazil har Tailan, dare da rana, ba jiran lokaci ba bin tauraro.

Sauraronsa ya fi yadda ake zato sauƙi. Yana saukowa a 10.489 GHz. Parabol na santimita 80, da LNB, wato kan da ke bakin parabol, irin na talabijin mai PLL (tsarin da ke rage zamewar mita), da abin ba shi wuta, da 'yar na'urar kama sigina ta RTL-SDR a jikin kwamfuta, shi ke nan: LNB zai sauko da siginar zuwa wajen 739 MHz. Yaron da ke saita wa maƙwabta parabol zai iya kama maka Badr, ka ɗora daga nan. Zafin Maris da Afrilu yana sa mitar LNB ta yi ta zamewa, sai ka sa manhajar SDR Console ta maƙale wa siginar alama ta tauraron. Ruwan Agusta mai ƙarfi kan rage sigina, amma da ya ɗauke ta dawo.

Aikawa ce mai cin kuɗi. A 2.4 GHz ake hawa, kana buƙatar na'urar aika sigina irin ADALM-Pluto ko makamancinta, da amfilifaya ta 'yan wat kaɗan, da eriya ta musamman a bakin parabol. An hana FM a can, faɗin sigina kada ya wuce 2.7 kHz, don haka oba-obarka ba ta da aiki. Batirin sola zai riƙe kayan in an ɗauke wuta.

Da ni ne kai, da RTL-SDR zan fara, tunda guda ɗaya za ta ji maka ISS da SO-50 da QO-100 ba tare da ka aika komai ba. Kafin ka danna maɓallin magana kuwa, nemi lasisi: hukumar kula da sadarwa ta ART a Kamaru, ARCEP a Chadi, alamar kiranmu tana farawa da TJ, tasu da TT. A wannan yanki namu, mutum ya tsaya a fili da oba-oba yana nuna eriya sama ba takarda a aljihu, da jandarma zai fara magana kafin Turai.