Wuri da katantanwa ko duwatsu da jigida: wanne zai ci kasuwa a Birnin Kebbi?

Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da na sallami yara suka tafi makaranta don in samu natsuwar ba ki amsa. Kin ce kun yi shekara shida a Badagry da ke bakin teku a jihar Legas, yanzu an dawo da maigida Birnin Kebbi. A can kika koyi haɗa sarƙa da abin hannu na wuri da katantanwa, irin waɗanda ake sayar wa masu zuwa shan iska bakin teku. Kina son ki fara sana'a daga ɗaki, kuma kin rasa na kamawa: ki tsaya kan kayan tekun da kika iya, ko ki koma ga duwatsu da jigida da matan nan suka saba da su. Duka biyun na taɓa su, ɗaya ya ciyar da ni, ɗaya ya koya mini hankali.

Fara da jikin da zai sa kayan. Adon bakin teku an ƙirƙire shi ne don wuyan da yake a buɗe da ƙafar da ba takalmi: sarƙa mai kama wuya, sarƙar idon sawu, dogon ɗan kunne mai lilo. Ki tsaya a ƙofar babbar kasuwar Birnin Kebbi minti goma ki duba matan da ke shiga. Hijabi ya rufe wuya da kunne, zane ko doguwar riga ta rufe sawu. Abin da ya saura a fili tsintsiyar hannu ce da yatsu, sai fil ɗin da ake maƙale mayafi da shi. Saboda haka rabin abin da kika koya a Badagry, in an saya, a cikin gida za a sa shi ko a wurin biki na mata zalla. Duwatsu ba su da wannan matsalar, don tun asali an san wurinsu: jigida ta ɗaki ce kuma ba wanda ya taɓa tsammanin a gan ta a titi, saitin wuya da kunne na ranar kamu da walima ne, abin hannu na kullum ne.

Sai maganar wuri, wadda ita ce ta fi ba ni wahala, kuma ita nake so ki fi saurara. A Legas wuri ado ne kawai, alamar teku da gargajiya. A ƙasar Hausa yana ɗauke da tarihi iri biyu. Na farko mai kyau ne: shi ne kuɗinmu na da, kalmar "kuɗi" ma jam'in wuri ce, shi ya sa har yau tsofaffi ke cewa ba su da ko wuri. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ake canja wa dala ɗaya ta azurfa. Kuma wurin kuɗin nan ba daga gaɓar Legas ake tsinto shi ba, asalinsa tsibiran Maldives ne a Tekun Indiya, daga baya aka riƙa kawo wani iri daga gaɓar gabashin Afirka. Tarihi na biyu shi ne wanda ke kashe ciniki. Da wuri ya daina zama kuɗi a farkon ƙarni na 20, inda ya fi saura a idon mutane shi ne hannun masu duba, jikin 'yan bori, layun mafarauta da kambun 'yan dambe. Wata baiwar Allah ta taɓa sayen abin hannu na wuri uku a wurina don 'yarta. Bayan kwana biyu ta dawo da shi a ƙulle cikin leda, ta ce surukarta ta tsinke shi daga hannun yarinyar tana tambayar wane boka ne ya ba su. Na mayar mata da kuɗinta, ban yi gardama ba. Ba ki da bakin da za ki bi kowace suruka gida ki yi mata bayanin Maldives.

Ba ina nufin ba mai sayen wuri a Kebbi ba. Akwai su, sai dai daban suke da masu sayen jigida, kuma ba kullum ake samunsu ba. 'Yan matan Jami'ar Tarayya da ke Kalgo da na Kwalejin Waziri Umaru suna saye, musamman ranar nuna al'adu. Masu yi wa ƙasa hidima da ake kawowa sansanin Dakingari, yawancinsu daga kudu, suna son abin da za su tafi da shi gida su ce daga Arewa ne. Matan Fulani sun daɗe suna sa wuri a kitso, amma su sukan sayi tsurarsa su haɗa da kansu, ba su jiran ki. Sai baƙin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ranar da masunta suka faɗa kogin Matan Fada da homa da gora, duk mai kayan hannu yana ciniki. Amma bikin nan ya sha yin shekaru ba a yi shi ba, don haka ba abin da za ki ɗora tukunyar gidanki a kansa ba ne. Haka bukukuwan Rigata ta Yauri da Uhola ta Zuru: kasuwar kwana biyu ko uku ce.

Masu sayen duwatsu kuwa su ne maƙwabtanki. Ba lefen da ake haɗawa ba jigida a ciki, kuma masu gyaran amare suna saye da yawa lokaci guda. In kika samu biyu ko uku daga cikinsu suka yarda da aikinki, kin samu cinikin da ba ya yankewa. Lokutan da hannu ba ya hutawa sanannu ne: bayan an girbe shinkafa kuɗi ya shigo hannun manoma, watan Sha'aban da ake rububin ɗaura aure kafin azumi, sai goman ƙarshe na Ramadan da jajibirin babbar sallah. Aibinsu ɗaya ne, amma babba: kowa na yi. A layinku kaɗai za ki iske mata biyu suna haɗa jigida, ga kuma saitin sarƙa na kamfani da ake shigowa da shi daga Sin da Dubai, mai ƙyalli, wanda farashinsa wani lokaci bai kai kuɗin duwatsun da za ki saya ba. A nan riba kaɗan ce a kan kowane ɗaya, yawa ne ke tara ta. A kayan wuri ba ki da abokiyar gasa a garin nan, kina iya sa farashin da ya biya wahalarki, amma sarƙa ɗaya na iya kwana wata biyu a akwati.

Ta fuskar samun kaya, duwatsu sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ana samunsu nan cikin gari da Jega, in kina son sari ki aika Kano. Launin da ya ƙare miki yau, jibi ya iso. Katantanwar teku kuwa sai Legas, kuma ki tuna hanyar da za ta biyo: Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kwantagora, Yauri, Koko, Jega, a ƙarƙashin buhuna a bayan mota. Wuri yana jurewa don ɓawonsa mai kauri ne. Siraran katantanwa masu kama da fure, waɗanda su ne suka fi kyau a hoto, su ne ke zuwa a farfashe. In za a aiko miki, a zuba su cikin robar da ke da murfi, a cike gurbin da auduga ko tsumma yadda ba za su yi motsi ba. Ki kuma tambaya ko an wanke su. Karon farko da na yi oda, ban tambaya ba, aka aiko mini da waɗanda naman cikinsu bai gama fita ba, suka kwana uku a hanya cikin zafin Afrilu. Da na buɗe kwalin sai da maigida ya fito daga ɗaki yana tambayar ko ɓera ne ya mutu. Kwana biyu na yi ina jiƙa su a ruwan da aka ɗiga wa bilic kaɗan, ina goge su da tsohon buroshin haƙori, ina shanyawa a inuwa.

Aikin kansa ma ba ɗaya ba ne. Jigida da abin hannu na duwatsu kina iya shiryawa kina hira, zare da allura da almakashi sun isa, har 'yarki ta firamare tana iya taya ki ware launuka. Katantanwa sai an huda, kuma hudawar tana son ƙaramin injin hannu mai siririn baki, wato wuta ko caji, kin kuwa san halin wutarmu. Ki riƙa hudawa ɓawon yana cikin ruwa kaɗan a faranti, don bakin injin ya huce kuma ƙurar kada ta tashi, saboda ƙurar ɓawo ba abar shaƙa ba ce, ballantana a ɗakin da yara ke kwana. Wurin da aka riga aka yanke wa baya ya fi miki sauƙi, zare kawai za ki zura.

Akwai kuma yanayin garin nan, wanda bai yi kama da Badagry ba ko kaɗan. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40. Zaren roba mai miƙewa yana saki a irin wannan zafin, gam yana narkewa, sai dutse ya ɓalle daga ɗan kunne a hannun mai saye. Hunturu kuma yana busar da igiyar fata har ta tsage in ba a shafa mata mai ba. Wannan ya shafi ɓangarorin biyu, amma kayan teku sun fi jin jiki, don yawancinsu da gam da igiya ake haɗa su. Ga turare: ɓawon wuri da na katantanwa dangin alli ne, duk abu mai tsami yana cin ƙyallinsa, gumi ma haka, kuma ba ya son a riƙa fesa masa turare. Matanmu kuwa ba a raba su da humra da turaren wuta. Dole ki riƙa gaya wa mai saye ta gama fesa turarenta, ya bushe, sannan ta sa. Dutsen gilas bai damu da wannan ba. Ni dai zaren nailan na masunta nake amfani da shi a kusan komai yanzu, a maƙalai da ƙugiyar kunne kuma ƙarfen da ba ya tsatsa, don mai arhar nan yana baƙi cikin mako biyu, wasu matan ma yana sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne.

To ga abin da da ni ce ke zan yi. Teku ba baƙo ba ne a adon matan Hausa, mun dai manta ne. Murjanin da kakanninmu ke ɓoyewa a ƙasan adaka daga teku yake fitowa, fatake ne suka riƙa ratso Sahara da shi daga Bahar Rum. Lu'ulu'u ma daga teku yake fitowa. Su biyun an ambace su tare a Suratur Rahman, aya ta 22, saboda haka ba surukar da za ta ga jan murjani a hannun jikarta ta kira boka. Ki ɗauki idon da kika samo a Badagry, wato yadda ake haɗa shuɗi mai haske da fari da ruwan yashi, ki zuba shi a cikin jigida da abin hannu da fil ɗin mayafi, ki ƙara jan murjani ko farin lu'ulu'u ɗaya biyu. Matan layinku suna haɗa ja da ruwan gwal ne kamar yadda kowa ke yi, naki zai fita daban ba tare da kin ba kowa tsoro ba. Sai dai ki faɗi gaskiyar kayanki. Murjani na ainihi yana da tsada ƙwarai, mafi yawan wanda ke kasuwa gilas ne ko roba ko wanda aka rina. In kika goga auduga da aka jiƙa da ruwan goge jan farce, wanda aka rina yakan bar ja a jikinta. Ki sayar da shi da sunan "mai kama da murjani", kada Hajiyar da ta gaji na gaske daga uwarta ta kunyata ki a gaban mutane.

Wurin kuma kada ki watsar, ki mayar da shi na oda. Ki haɗa samfuri biyar ko shida, ki ɗauke su hoto a hasken safe a kan farin ƙyalle ko faifai, ki sa a Instagram da TikTok inda 'yan Abuja da Kaduna da Legas za su gani, su biya kafin ki haɗa, ki aika ta tasha. WhatsApp ɗinki, wanda dangi da maƙwabta ke kallo, ki bar shi ga jigida da saitin amare. A jarin farko ni zan sa kashi huɗu cikin biyar a duwatsu, ɗaya a wuri, in bar injin hudawa sai oda ta fara maimaituwa. Wajen sa farashi ki lissafa awannin da kika zauna da kuɗin mota da leda da datar da kika ƙona, ba kuɗin duwatsu kaɗai ba. Bashi kuma, musamman na dangin miji, ki yanke shawararsa tun kafin ki zura dutsen farko a zare.

In kin shirya, ki haɗa jigida uku da launukan nan na teku ki kawo mini ranar Asabar bayan la'asar. Akwai mai gyaran amare da ke zuwa karɓar kaya wurina a ranar, sai in nuna mata mu ji abin da za ta ce.