Sharhi: wayar buɗe magudanar bahon wanka mai tsawon mita 5

Wayar nan da ake sayarwa a shagunan kayan famfo na unguwannin Nima da Mamobi a Ankara, babban birnin Gana, mai kama da dogon sifirin, da mariƙi a gindi da murɗaɗɗen baki, na gwada ta a bahon da ruwa ke kwanciya har idon sawu. Ta ci kuɗinta, amma sai an san ƙofar da za a shigar da ita.

Abin da ke toshe baho sananne ne: gashi, zaren soson raga, daskararren sabulun salo da man kaɗanya da ke sauka daga jiki. Suna dunƙulewa a gwiwar bututun da ke ƙarƙashin baho, wadda ke riƙe ɗan ruwa don kada warin kwata ya dawo ɗaki. A layukan da famfo ba ya zuwa kullum abin ya fi yawa, domin ruwan bokiti da moɗa ba shi da ƙarfin da zai share gwiwar.

Kada ka cusa wayar ta ramin ƙasa. Kwanar da ke can ta yi tsanani, cijewa za ta yi. Kwance murfin ramin sama, wanda ruwa ke bi idan baho ya cika, ka shigar ta nan. Amma leƙa tukuna: idan bututun bayansa na roba ne mai laushi mai zobe-zobe, waya za ta iya huda shi. A irin wannan gara ka cire murfin gefen baho, ka ajiye roba a ƙasa, ka kwance gwiwar da hannu ka wanke.

Tura a hankali kana juya mariƙin ta hannun dama, kada wayar da ke waje ta wuce tsawon tafin hannu, in ba haka ba ta nannaɗe ta bugi yatsa. Yawanci kafin mita 1 ta shige za ka ji ta yi nauyi. Nan ne wurin. Juya sau biyar ko shida, sannan ka janyo. Abin da zai fito baƙi ne mai yauƙi, kamar jiƙaƙƙen ɓera, don haka sa safar hannu ka tanadi leda. Maimaita sau biyu ko uku, ka bi da bokiti biyu na ruwan zafi a tashi ɗaya. Mai zafi na ce, banda tafasasshe, saboda bututun PVC yana laushi, mahaɗarsa ta soma ɗiga.

Masu zuba sodar yin sabulu kuwa, ba na bayansu. Zafin da take haifarwa yana lanƙwasa bututu, in kuma ba ta ci toshiyar ba sai ta tsaya a ciki, ta fantsamo wa wanda zai sa waya daga baya a ido. Haɗa bilic da asid ya fi wannan haɗari, hayaƙinsa guba ne, balle a banɗaki marar taga.

Aibin wayar biyu ne. Sukurun da ke riƙe mariƙin yana kwancewa tsakiyar aiki, sai ka ajiye filaya kusa. Tsatsa kuma ba ta mata da sauƙi a damshin Ankara: wanke ta, shanya a rana, shafa mata ɗan man inji kafin ka naɗe. In ka tura mita 5 duka ba ka taɓo komai ba, ruwa kuma bai tafi ba, toshiyar tana babban bututun waje, aikin ya koma na mai gyaran famfo.